Daga Bakin Allo: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

 A wannan wata allon zai cika da lissafi, saboda haka wanda yake da fensir a kusa ya ɗauko, ya nemi bayan wata tsohuwar ambulan, mu yi aikin tare.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a zangunanmu, tun daga Nima da Mamobi a Ankara har Aboabo a Kumasi. Da zarar an ji cewa ɗan wane da ke Toronto yana ɗaukar dala dubu kaza a shekara, sai a zaro waya a buga kuɗin da farashin sidi na ranar, adadin da ya fito ya cika fuskar waya, kowa ya riƙe baki. Daga nan sai shari'a ta tashi: yaron nan marowaci ne, ya manta da wadda ta haife shi, matarsa ta mallake shi. Ban ce babu marowata cikin 'ya'yanmu na waje ba, akwai su. Amma kafin a yanke wa mutum hukunci, ya kamata a san nawa ne ke isa hannunsa daga cikin wancan adadi da aka ji. Da Hausawa suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, dutsen Kano suke nufi, amma maganar ta hau kan dalar Kanada daidai wa daida.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, ma'aikaci a Kanada gwamnati biyu yake biya harajin albashi. Akwai gwamnatin tarayya da ke Otawa, wadda ta soma karɓar wannan haraji tun 1917, lokacin yaƙin duniya na farko. Akwai kuma gwamnatin lardin da yake zaune. Ƙasar tana da larduna 10 da yankuna 3 na can arewa, kowanne da nasa matakan haraji da nasa kaso. Mu a nan Gana ba mu saba da haka ba. Muna da yankuna 16, amma babu wanda yake taɓa albashin ma'aikaci a cikinsu, hukumar GRA ce kaɗai ke yanka, su kuwa majalisun gundumomi tikitin kasuwa da kuɗin gidaje da lasisi suke karɓa. Shi ya sa in ɗanmu ya ce an cire masa na tarayya an kuma cire na lardi, sai a ga kamar hanyar zillewa yake nema.

Kafin mu ƙetare teku, bari mu gane yadda harajin matakai yake tafiya, don a nan ne akasarin mutane suke ɓata lissafi, har da masu ilimin boko. A ganina dalilin ɓatan shi ne kawunanmu sun saba da awo iri biyu ne kawai. Na ɗaya lampo, watau harajin kai, wanda kowa ke biyan abu guda, mai shi da maras shi. Tun dokar 1852 Turawa suka ɗora sule guda a kan kowane rai a ƙasashen gaɓar teku da ke ƙarƙashinsu. Na biyu zakka. A zakkar kuɗi, in dukiya ba ta kai nisabi ba babu kome a kanta, in kuwa ta kai ta kuma shekara, to ɗaya cikin arba'in ake fitarwa daga dukkanta, ba daga abin da ya ɗara nisabi kaɗai ba. Wannan hukuncin addini ne, ba a kansa nake magana ba. Abin da nake nunawa shi ne, wanda ya tashi da wannan awo a kansa, in aka ce masa albashinsa ya shiga matakin kashi 25 cikin ɗari, nan take zai ɗauka rubu'in albashin gaba ɗaya ya tafi. Ba haka gwamnati take yi ba.

A ɗauka albashi masara ce ana zuba ta a jerin gwangwanayen olonka. Sai ta farko ta cika a koma ta biyu, ta biyu ta cika a koma ta uku. Mai haraji yana tsaye, yana da abin da yake ɗiba daga kowace. Daga ta farko ba ya ɗaukar ko ƙwaya, daga ta biyu ɗan kaɗan, daga ta uku tafi guda, haka abin yake ƙaruwa. Amma yawan abin da ya ɗiba daga ta ƙarshe ba ya sa ya komo kan ta farko ya ƙara ɗiba. Kowace olonka da nata kaso.

Mu gwada da takardar albashinmu ta nan gida, da matakan da GRA ta yi aiki da su a 2024. Ma'aikaci yana ɗaukar sidi 3,000 a wata, ba shi da wani alawus. Da farko a cire masa kashi 5.5 cikin ɗari na SSNIT, sidi 165 ke nan, saura 2,835. Sidi 490 na farko babu haraji a kansu. Sidi 110 na biye kashi 5 ne, watau sidi 5 da rabi. Sidi 130 na biye kashi 10 ne, sidi 13. Waɗannan matakai uku sun cinye sidi 730, ragowar 2,105 suka faɗa mataki na huɗu mai kashi 17.5, wanda ya ba da sidi 368. In an tara duka, harajinsa bai wuce sidi 387 ba. Da kashi 17.5 aka buga a kan dubu ukun nan gaba ɗaya, da sidi 525 zai biya. Akwai matakan kashi 25 da 30 a sama, da na 35 ga wanda ya haura sidi dubu hamsin da ɗoriya a wata, amma waɗannan ba na malaman makaranta ba ne, mu bar su ga masu su.

To, wanda ya gane wannan ya gane na Kanada, sai dai can lissafin na shekara ne, kuma tsani biyu ake hawa. Mu ɗauki lardin Ontariyo, inda Toronto take, inda kuma 'yan Gana suka fi yawa a ƙasar. Zan yi aiki da alƙaluman 2024. A shekarar, Ontariyo tana karɓar kashi 5.05 cikin ɗari daga dalar farko har zuwa 51,446. Daga nan zuwa 102,894 kashi 9.15. Daga nan zuwa 150,000 kashi 11.16, zuwa 220,000 kashi 12.16, abin da ya haura haka kuma kashi 13.16.

Ga saurayi ba shi da iyali, yana ɗaukar dala 60,000 a shekara. Kada a raina wannan albashi, kada kuma a ɗauka kowa ke samunsa. Mafi ƙarancin ladan aiki a lardin a ƙarshen 2024 dala 17.20 ne a awa, wanda ya yi awa 40 kowane mako duk shekara a kan haka bai kai dala 36,000 ba, kuma a nan da yawa daga cikin sababbin zuwa suke farawa. Shi wannan mai dubu sittin, kuɗinsa ya cika olonka ta farko ya zuba a ta biyu. Kashi 5.05 na 51,446 dala 2,598 ne. Abin da ya zuba a ta biyu 8,554 ne, kashi 9.15 nasa dala 783. Jimla 3,381. Sannan akwai wani kaso da lardin ya yafe wa kowane mutum don ci da sha, wanda a 2024 dala 12,399 ne. Yadda ake yi, a buga shi da kason matakin farko, a cire abin da ya fito daga harajin. Kashi 5.05 na 12,399 dala 626 ne. In an cire, harajin lardi ya tsaya a kan 2,755. Mai karatu ya lura: mutumin da ake cewa yana matakin kashi 9.15, abin da ya biya bai kai kashi 5 cikin ɗari na albashinsa ba. Wanda ya buga 9.15 a kan dubu sittin zai sami 5,490, kusan ninki biyu na gaskiyar abin.

Ontariyo ba ta tsaya nan ba. Tana da wani kuɗin lafiya da take ɗorawa a kan duk wanda ya haura dala 20,000, kuma mai samun tsakanin 48,600 da 72,000 dala 600 yake biya, mafi yawansa shi ne 900. Tana da kuma haraji a kan haraji, wanda a 2024 yake hawa kan wanda harajin lardinsa ya wuce dala 5,554. Saurayinmu bai kai nan ba. Masu manyan albashi yake kamawa, kuma shi ne yake sa in an haɗa na tarayya da na lardi, attajirin Ontariyo ya ba da fiye da rabin kowace dala da ta hau matakin ƙoli, kashi 53.53 cikin ɗari.

Yanzu tsani na biyu, na tarayya. A 2024 kashi 15 ne har zuwa dala 55,867, sannan 20.5 har zuwa 111,733, sai 26, da 29, da 33 a can sama. Kashi 15 na 55,867 dala 8,380 ne. Ragowar 4,133 a kan 20.5 ya ba da 847. Jimla 9,227. Ita ma tarayya tana yafe nata kason, dala 15,705, wanda kashi 15 nasa 2,356 ne. Saura 6,871.

Bayan haraji akwai yanka biyu da ba haraji ba ne, amma daga albashin suke fita, kamar SSNIT ɗinmu. Na fansho kashi 5.95 ne na abin da ya haura dala 3,500, ga saurayinmu 3,362 ke nan. Na inshorar rashin aiki kashi 1.66 ne, dala 996. Mu tara: lardi 2,755, lafiya 600, tarayya 6,871, fansho 3,362, inshora 996. Ya kama dala 14,584. Akwai wasu ƙananan rangwame da ake yi wa ma'aikaci har da na wannan fansho da inshora da ya biya, waɗanda za su mayar masa da dala dubu da ɗan wani abu, na bar su don kada allo ya cika. Abin da zai rage masa wajen dala 46,500 ne a shekara, watau kusan 3,900 a wata. Mu a nan 5,000 muka lissafa masa.

Kuma daga cikin wannan ne zai biya haya a garin da a 2024 sabon mai neman ɗaki da falo sai ya ajiye sama da dala 2,000 kowane wata, shi ya sa za ka ji samari uku ko huɗu sun haɗu a gida guda. In ya shiga kanti, galibin kaya akwai harajin saye na kashi 13 a kansu, wanda ba a rubuta shi a jikin kaya, sai a wurin biya yake bayyana. Kuɗin da ya aiko wa iyayensa a nan kuwa, hukumar haraji ba ta ɗauke masa kome saboda su, daga abin da ya rage masa suke fita. Ni dai in na ga an aiko wa tsohuwa dala ɗari biyu, da wannan ido nake dubansu.

Akwai wata gurguwar shawara da ke yawo tsakanin ma'aikatanmu, a can da nan, wai kada ka yarda da ƙarin awoyi ko ƙarin girma, don za ka faɗa babban mataki gwamnati ta kwashe duka. Wannan ita ce ɓarnar da rashin gane olonka yake yi, har mutum ya ƙi arzikinsa da hannunsa. Saurayinmu in ya sami ƙarin dala 100, tarayya za ta ɗauki 20.5, lardi ya ɗauki 9.15, kusan 30 ke nan, fansho da inshora su ɗauki wajen 8, ya tashi da sama da dala 60 da ba shi da su jiya. Abin da aka riga aka lissafa a matakan ƙasa ba ya canzawa. Gaskiya ne akwai 'yan wuraren da cizon ya fi zafi. Kuɗin lafiyar nan, alal misali, tsakanin dala 48,000 da 48,600 rubu'in kowace dala yake ci har ya tashi daga 450 zuwa 600, kuma tallafin yara da tarayya ke ba iyaye yana raguwa in kuɗin gida ya ƙaru. Amma ƙarin albashi ya bar mutum ƙasa da inda yake saboda matakan haraji kawai, wannan ba ya faruwa.

Wane lardi ne zai karɓa? Wanda mutum yake zaune a cikinsa ranar 31 ga Disamba, ko da a wani lardin ya yi watanni goma na shekarar. Wannan ya sa masu ƙaura suke ta kwatance, kuma a nan ma suna ba ya raba gardama. Lardin Albata mai man fetur ya yi suna wajen sauƙin haraji, don daga 2001 zuwa 2015 kashi 10 kacal yake karɓa daga kowa, ba mataki. To amma a buga lissafin 2024: kashi 10, bayan an yafe dala 21,885. Mai dubu sittin zai biya wajen 3,800, alhali a Ontariyo har da kuɗin lafiya 3,355 ne. Ashe sauƙin Albata na masu manyan albashi ne. A 2025 ne lardin ya ƙirƙiro matakin kashi 8 a kan dala 60,000 na farko, abin ya sassauta wa ƙananan ma'aikata, ga shi kuma ba shi da harajin saye na lardi, kashi 5 na tarayya kaɗai ake biya a kanti.

Lardin Kubek kuwa, inda 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi suka fi nufa saboda Faransanci, nasa daban ne. Tun 1954 yake karɓar harajinsa da kansa, saboda haka mazaunin Montiriyal takarda biyu yake cikawa, ɗaya ta tarayya ɗaya ta lardi, alhali a sauran larduna hukumar tarayya ce ke karɓa ta miƙa musu. Matakinsa na farko a 2024 kashi 14 ne, na biyu 19, kuma mai dubu sittin zai ba lardin kusan dala 6,000. Ana rage masa kashi 16.5 cikin ɗari na harajin tarayya, amma duk da haka ya fi na Toronto biya.

Sai maganar da ta fi damuna, don ita ce ke jefa yaranmu cikin bashi. Can ma, kamar nan, mai aikin ne yake yanke haraji kafin albashi ya iso hannu, amma ƙiyasi ne yake yi. Lissafin gaskiya sai shekara ta ƙare. Kafin ƙarshen Fabrairu kowane kamfani yana ba ma'aikacinsa takardar da ake kira T4, mai nuna abin da ya samu da abin da aka yanke, shi kuma ya cika bayanin harajinsa kafin 30 ga Afrilu ta wuce. In an yanke fiye da kima a mayar masa da rara, in ba a yanke isasshe ba ya ciko. To ga yaro mai zafin nema yana aiki biyu, da rana a sito, da dare gadi, kowanne dala 30,000 a shekara. Kowane kamfani zai ɗauka dubu talatin ɗin nan su ne duk abin da yake samu, ya yafe masa kason nan na ci da sha, ya kuma lissafa shi a matakin farko. An yafe masa sau biyu ke nan abin da sau ɗaya doka ta ba shi, 2,356 na tarayya da 626 na lardi, kuma ba wanda ya yanki na mataki na biyu da kuɗinsa suka hau in an haɗa su. Afrilu na zuwa sai ya tarar ana binsa wajen dala 3,500 ko fiye, kuɗin da ya riga ya aiko gida an sayi siminti da su. Maganin abin yana cikin takardar TD1 da ake cikawa ranar kama aiki: a wurin aiki na biyu ya nuna cewa yana da wani aikin, kada ya sake neman kason da aka yafe, in ya so ma ya ce a riƙa ƙara yanke masa wani abu kowane biya.

Wanda ke tuƙa Uber ko kai abinci gida-gida nasa ya fi wannan, don shi ba mai yanke masa kome. Doka ta ɗauke shi mai zaman kansa, duk abin da ya shigo wayarsa da harajin gwamnati biyu a ciki, kuma kuɗin fansho kaso biyu zai biya, nasa da na mai aiki, kashi 11.9 ke nan. An ba shi har 15 ga Yuni ya kai takardarsa, amma kuɗin da ake binsa 30 ga Afrilu ne wa'adinsu, daga nan kuɗin ruwa ya fara hawa. Wanda ya makara da takarda alhali ana binsa, tararsa kashi 5 cikin ɗari ce ta bashin, da ƙarin kashi 1 kowane wata har wata 12. Mai irin wannan sana'a in yana da wayo, duk abin da ya samu zai ware rubu'insa ko fiye a wani asusu dabam, ya ɗauka ba nasa ba ne. Saboda haka in ɗanku ya ce a yi masa haƙuri a watan Afrilu, ku tambaye shi ko takardar haraji ce ta zo, kafin a kai ƙararsa wurin kawunsa.

Waɗannan alƙaluma suna motsawa kowace shekara bisa tsadar kaya. A 2025 matakin farko na Ontariyo ya tashi zuwa dala 52,886, kuma daga 1 ga Yulin 2025 tarayya ta rage kashi 15 ɗin nan zuwa 14. Wanda zai yi wa kansa lissafi ya nemi na shekarar da yake ciki, hanyar dai ita ce wannan da muka bi.

Tun da malami ba ya sallamar aji ba aikin gida, ga naku. Na ɗaya, ma'aikaci a Tamale yana ɗaukar sidi 5,000 a wata, nawa ne harajinsa bayan an cire SSNIT? A tuna mataki na huɗu sidi 3,166.67 yake ɗauka kafin a shiga na kashi 25. Na biyu, wata ma'aikaciyar jinya a Toronto ta sami dala 80,000 a 2024, nawa lardin Ontariyo zai karɓa daga gare ta, in kuɗin lafiyarta dala 750 ne? A aiko da amsa ofishin wannan mujalla, za mu buga sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.